Cigiyar Fitilar Mashigi

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kwance fitilar mashigin garinmu ya sayar wa 'yan gwangwan, kuma har yau ban yafe masa ba. Ina gaishe shi, ina aika masa da tuwon salla, in ya kwanta ciwo ni ce ta farko a bakin gadonsa. Amma wannan maganar tana nan inda na ajiye ta. Masu cewa in bari saboda zumunci, su ji yadda aka yi tukuna.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Tsakaninmu da hanyar Gwiwa akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, akuya ma tana tuƙa take ƙetare shi. Da damina kuwa yakan ciko ya yi jawur, ya ci mutum ya ci saniya. Wuri ɗaya ake hayewa lafiya, inda wani shimfiɗaɗɗen dutse ya ratsa ƙarƙashin ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shi muke kira mashigi. Ka kauce masa kaɗan, ka faɗa rami.

A gaɓarmu, kan wani tudun dutse, akwai turken ƙarfe dogo mai ƙarafunan takawa a jikinsa. Tsofaffi sun ce tun zamanin En'e aka kafa shi, lokacin da ake jigilar gyaɗa da jakuna. A kansa fitilar take zaune. Keji ce ta baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu, da gilashi, da hula kamar malafa, da 'yar ƙofa. A cikinta akwai tankin kananzir na tagulla da lagwani mai faɗi. Na zauna a ƙasar Babura, na sha zuwa Kazaure, ban taɓa ganin irinta ba. An ce da tana da 'yan'uwa a bakin tasha da ƙofofin kasuwa, duk an cire su. Ita ta tsira ne don tana lungun da babu wanda ya tuna da ita.

Ga yadda take aiki. Tsakanin turken da ruwa akwai wata doguwar giginya. Wanda ya iso waccan gaɓar bayan magariba sai ya riƙa matsawa dama ko hagu, har jikin giginyar ya rufe masa wutar. In ya daina ganin wuta, to yana daidai kan dutsen, sai ya miƙe. In wutar ta leƙo ta gefe, ya kauce ke nan, sai ya gyara. Baƙi dariya suke yi in aka ce musu amfanin fitilarmu shi ne kada ka gan ta. In suka shiga ruwa har ƙugu dariyar takan tsaya.

Babanmu ne mai kunna ta, shi ma gada ya yi. Ranar kasuwar Gwiwa, da duk yammacin da rafi ya kawo ruwa, kafin a kira salla zai hau ya goge gilashi da toka, ya datse lagwani, ya kunna. Ya yi sallarsa a nan kan dutsen. Duk wanda ya fito daga ruwa sai ya ce, "Mai fitila, mun haye!" Shi kuma ya ce, "Barka da hayewa. Akwai na baya?" Ba ya kashewa sai an ce masa babu. Ba albashi ake ba shi ba. Wannan ya zuba masa ɗan kananzir, waccan ta bar masa nono, in kaka ta yi a kawo masa dami. Ina yarinya ni nake biye da shi da ƙwaryar toka da tsumma.

Aka yi mini aure a Kanya Babba, na yi rayuwata a can har maigidana ya rasu, 'ya'ya suka kama gabansu, na dawo gida. A lokacin Baba ya riga mu gidan gaskiya, kunna fitila ya faɗa hannun Yaya. A lokacin ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci a Roni, ina da jikoki. Malamarmu sa'ar 'yata ce, amma ba ta da wasa. Kowacce sai ta tashi tsaye ta yi magana gaban aji, ko muryarta na rawa. Ni tawa ba ta taɓa rawa ba, sai dai a ce in rage.

Yaya ya ɗauki kunna fitila kamar an ɗora masa gawa. Yau ya ce gwiwarsa, gobe ya ce kananzir ya yi tsada. Na ce to ni zan riƙa saye, da ribar ƙulina. Na saya. Sai ya koma cewa ai zamani ya wuce wurin, kowa da tocila a wayarsa. Na ce tocilar waya ƙafarka take nuna maka, ba ta nuna maka inda dutse yake a ƙarƙashin jan ruwa. Ya ce ga fitilar sola an kawo. An kawo kam. An kafa ta a ƙofar gidan mai gari, inda babu rafi babu rami, ta yi damina ɗaya ta makance. Haka muka yi ta yi, ina tura shi yana hawa yana gunaguni, kamar mai tura jaki kan tudu.

Sai 'yata ta haihu a Kanya Babba, na tafi zaman jego. Na dawo hadari ya fara haɗuwa a gabas, an fara share gonaki. Ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin rafi don yashi ba ya barin babur. Na ɗaga kai kamar yadda na saba. Turke na nan tsaye, babu komai a kansa, kamar an fille wa zakara kai.

Ban shiga ɗakina ba. Da ƙunshin kayana a ka na wuce gidan Yaya. Yana zaure yana ɗaura wa fartanya ƙota.

"Yaya, ina fitila?"

"Ke ko sannu da gida babu?"

"Sannu da gida. Ina fitila?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta tafi inda tsofaffin ƙarafa ke tafiya. Shekaranjiya ɗan gwangwan ya zo da kurarsa, na ce ya taimake ni ya raba ni da ita. Taki nake nema, ba kayan tarihi ba."

"Wa ka tambaya?"

"Wa zan tambaya? Ni na gada."

"Hawa ka gada, Yaya, da goge gilashi. Ba ka gaji saye da sayarwa ba."

Sai ya ajiye fartanyar ya dube ni. "Karatun tsufan nan ne ya buɗe miki baki haka?"

"Bakina a buɗe Inna ta haife ni da shi, kai shaida ne. Karatu ido ya buɗe mini."

Ya ce in fita masa daga zaure. Na fita, don zaurensa ne.

Da sassafe na tafi Roni na sami ɗan gwangwan ɗin a bayan tasha, yana ware gwangwanayen madara da na tumatir. Ban yi masa faɗa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Ya ce, "Wallahi Iya, ni tarawa kawai nake yi. Jiya na kai wa maigidana a Kazaure. Kuma yau ranar kasuwa ce, yau ake lodi. In mota ta cika sai kamfanin narka ƙarfe." Har na juya ya ƙara da cewa, "Iya, ki yi sauri. Manyan kaya irin wannan da guduma ake farfasa su kafin a loda, don kada su ci wuri."

Ban san yadda na isa Kazaure ba. Na dai san na yi ta cewa direba ya taka, har wani fasinja ya ce ko haihuwa zan karɓa. Na sami wurin maigidan nasa a bayan kasuwa, fili ne an kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Tun daga nesa nake jin guduma. Kowace bugawa a ƙirjina take sauka. A ƙofa wasu ƙarti suna zaune kan tayoyi, hannuwansu baƙi ƙirin. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni.

Ɗaya ya ce, "Alhaji ba ya nan."

"Ba Alhaji nake nema ba, fitila nake nema."

"Nan ƙarfe ake sayarwa, Iya. Masu fitila suna layin 'yan tireda."

Sauran suka kwashe da dariya. Na ce su bar ni in shiga in duba da idona. Suka ce ba a shiga, ƙarfe zai yanke ni su shiga uku. Ga babbar mota na hango ta saman shinge, an kusa kai rabi da lodi. Na tsaya na auna. Ni mace ɗaya, su ƙarti, ƙofa tasu. In na tsaya cacar baki da su, guduma ba ta tsaya jirana ba.

Sai na tuna da cigiya. A kasuwanninmu, abin da aka yi cigiyarsa a bainar jama'a ya zama wuta. Wanda yake hannunsa, in ya yi shiru, sunansa ya tashi daga mai saye ya koma abokin ɓarawo. Direba ba zai yarda a loda masa shi ba. Dole a kai shi gaban sarkin kasuwa, mai cigiya kuma ya faɗi alamun kayansa tun kafin a nuna masa. Ni ban taɓa jin mace ta yi cigiya da bakinta a kasuwar gari ba, sai dai ta sa a yi mata. To, ban kuma taɓa jin an hana ba.

Na koma cikin kasuwa ina bin ƙarar lasifika har na sami mai ita. Wani mai maganin gargajiya ne, ya ɗaura ta a kan wata tsohuwar mota, yana ta lissafa cututtukan da ko a asibiti ba a san su ba.

Na ce, "Ɗan nan, ara mini bakinka."

Ya ce, "Hajiya, basir ne ko sanyin ƙashi?"

"Ciwon zuciya ne, kuma ba ka da shi a kwalba. Cigiya zan yi."

"To faɗa mini in faɗa miki, ai sana'ata ce."

"Kai in ka faɗa, za a ɗauka wani sabon magani ka kawo. Miƙo."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya ga kasuwa ta zo masa har gida. Ya miƙo. Abin ya fi yadda nake zato nauyi, kuma da na yi sallama muryata ta dawo mini daga can rumfunan 'yan hatsi kamar ta wata ƙatuwa. Na gyara mayafina na ce:

"Jama'ar kasuwa, cigiya nake yi, don Allah don Annabi! Cigiyar fitila, ba ta hannu ba, ba ta ɗaki ba. Fitilar mashigin dutse ta ƙasar Roni, wadda ake sa giginya ta rufe ta in za a haye. An kwance ta daga turkenta, an kawo ta garin nan, tana bayan kasuwa wurin 'yan gwangwan, za a fasa ta yau. Duk wanda ya sa mata guduma bayan ya ji wannan magana, da saninsa ya yi. Duk direban da ya ɗauke ta, da saninsa ya yi. Ga damina ta zo. Wanda ruwa ya ci a mashigin nan bana, ku tuna an yi cigiya."

Na maimaita. Ina cikin maimaitawa na lura ƙarar guduma ta ɗauke. Mai magani ya karɓi abinsa ya ɗora da cewa duk wanda cigiyar nan ta tayar wa hankali, akwai maganin hawan jini a rahusa.

Ba a jima ba wani dattijo ya zo ya ce sarkin kasuwa na kirana. Na bi shi, jama'a na bin mu. Sarkin kasuwa yana zaune a rumfarsa kan buzu, farin gemu, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Can sai ga Alhajin da aka ce ba ya nan, ya zo yana huci, babbar riga a kafaɗa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata nawa a kasuwar nan ba a taɓa kiran sana'ata a lasifika ba. Hajiya, ni kika mayar ɓarawo?"

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, kuma ban ce ka yi sata ba. Na ce kayan cigiya na hannunka. Yaranka sun ce ba ka nan, shi ya sa na kira ka da babbar murya."

Wasu suka yi dariya. Sarkin kasuwa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baiwar Allah, faɗi alamunta."

Wannan ko a barci aka tashe ni. Na ce fuska uku gilashi ne, ta huɗu, mai kallon gari, Baba ya toshe ta da falle daga garwar kananzir, don kada wanda ya biyo wata hanya ya ga wuta ya ruɗe. Maƙalin ƙofarta na ƙasa ya karye tun ina yarinya, da sifok ɗin keke aka ɗaure. Hularta ta lotsa a gefe ɗaya, inda reshe ya faɗo mata a wata guguwa. Kuma in aka buɗe aka shinshina za a ji ƙaurin man gyaɗa, don shekarar da kananzir ya ɓace Baba aci-balbal ya riƙa sawa a ciki.

Sarkin kasuwa ya aika aka ɗauko. Mutum biyu suka kawo ta suna nishi, suka dire gabansa. Na matsa na duba. Gilasan duk sun tarwatse. Na leƙa ciki, babu tanki. Amma kejin na nan lafiya, guduma ba ta kai gare shi ba. Sarkin kasuwa ya duba fallen garwa, ya taɓa sifok, ya shafa hular. Har ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago yana murmushi.

Ya ce, "Alamu sun cika. Saura magana ɗaya. Sace ta aka yi?"

Nan ne wurin ya yi mini nauyi. Kasuwa cike, akwai mutanen Roni, akwai surukan dangi. In na ce sata ce na yi ƙarya, kuma na jefa ɗan gwangwan a masifa. In na faɗi gaskiya na tsiraita gidanmu. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

"Ranka ya daɗe, ba sata ba ce. Yayana ne ya sayar."

Alhaji ya tafa hannu. "To kun ji! Wanda ya gada ya sayar, ni na saya. Ina cigiya a nan? Cigiya ta abin da ya ɓata ce. Ta koma gida su sasanta da ɗan'uwanta."

Sarkin kasuwa ya ce, "Yana da magana, baiwar Allah."

Na ce, "Yana da ita, in fitilar ta Yaya ce. Ba tasa ba ce. Ba tawa ba ce. Ko Baba bai taɓa cewa tasa ce ba, mai kunnawa yake kiran kansa. Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in tambayi masu ita." Na juya na fuskanci jama'a. "Duk wanda ya taɓa cewa 'mai fitila, mun haye', ya yi magana."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Babu wanda ya matso. Na ce shi ke nan, na tona asirin gida a banza.

Sai wani tsohon Bafulatani da ya kawo raguna ya dogara sandarsa ya matso. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni na faɗa, ba sau ɗaya ba. Da shanu na haye, ruwa har wuyansu. Kuma bana ma nan zan bi, don hanyar mota ta yi wa dabba nisa."

Wata Madam mai sayar da kwanuka, mutuniyar Kudu da ta tsufa a Kazaure, ta ture mutane ta shigo. Ta ce, "Ni ma na haye, kaya a ka, goyo a baya. Ranar farko tsohon mai fitila ya ɗaga murya daga can ya ce, 'Madam, in kin ga wuta kin ɓata!' Na ce yau na zo garin da komai a juye yake." Ta dube ni. "Ashe ke 'yarsa ce. Goshin nan nasa ne."

Daga nan kamar an ɓalle dam. Masu hatsi daga Gwiwa, wani mai gishiri, wasu mata masu daddawa, kowa da nasa labarin, wasu ma ina zargin ba su taɓa ganin rafin ba, sun dai ga abin ya yi daɗi. Sarkin kasuwa ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Abin da yake na jama'a mutum ɗaya ba ya sayar da shi. Fitila za ta koma. Amma shi ma Alhaji da gaskiya ya saya, ba za a cuce shi ba. Alhaji, me ka ce?"

Alhaji ya sauke rigarsa daga kafaɗa. Fushinsa ya sauka, saura ɗan kasuwa. Ya ce, "Ni ban sayi fitila ba, ranka ya daɗe, nauyi na saya. Ba na son kuɗinta, kada gobe a ce na sayar wa marainiya kayan ubanta. Ta kawo mini ƙarfe daidai nauyinta kafin motata ta tashi bayan la'asar, ta ɗauki abinta. Tankin kuwa sai haƙuri. Tagulla daban ake ware ta, tun jiya ta wuce."

Tankin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Da hannuna na sha goge shi da tsamiya. Amma ba lokacin kuka ba ne. Ni da na zo da mayafi da carbi, ina zan samo ƙarfe a garin da ba nawa ba? Na koma wurin mai magani.

Ya ce, "Hajiya, kin dawo? Wannan karon sai kin sayi ko ƙulli ɗaya."

Na sayi na ciwon baya, don dama ina da shi. Na karɓi abin maganar na ce wa jama'a cigiya ta yi kyau, an samu, amma sai an fanshe ta da ƙarfe. Duk mai tsohon ƙarfen da ya gaji da gani, ya kawo rumfar sarkin kasuwa.

Aka kawo babban sikelin Alhaji aka auna fitila, aka sa alama, aka fara tara kaya. Madam ce ta fara, da wani tsohon dutsen guga na gawayi da ta ce ya fi ɗanta na fari shekaru. Maƙera suka kawo guntayen garma. Mai gyaran babur ya zubo sarƙoƙi. Wani tela ya kawo kan keken ɗinki da ya mutu, ya ce dama ya rasa wanda zai yi masa jana'iza. Mai nama ya kawo karyayyar wuƙa, aka ce masa wannan ko kaza ba za ta fansa ba. Bafulatanin nan ba shi da komai sai ɗan gatarin da yake sassabe wa dabbobi ganye, ya cire kan ya jefa. Na ce, "Baffa, da me za ka yi kiwo?" Ya ce, "Gatari ana saye a kasuwa."

Aka kira la'asar, allurar sikeli ba ta kai alama ba. Saura kaɗan, amma kaɗan ɗin ya ƙi cika. Yaran Alhaji, waɗanda suka yi mini dariya da safe, su ne yanzu suke leƙen sikeli suna cewa, "Kai, ta kusa!" Na dubi Alhaji ko zai ce ya yafe, ya kawar da kai yana duba wayarsa. Ban roƙe shi ba. Sharaɗi sharaɗi ne.

Sai ga direban babbar motar ya taho yana jan wani abu a ƙasa yana ƙara. Karyayyen sifirin ne na motarsa. Ya ɗaga ya maka kan tulin, allura ta wuce alama har ta buga.

Alhaji ya ce, "Kai! Wannan ai dama ni za ka sayar wa."

Direba ya ce, "To ga shi ya zo hannunka, Alhaji. Ni mutumin Gwiwa ne. Kakata a can ƙetaren take."

Guɗar da Madam ta rangaɗa, ban san mutanen Kudu sun iya ta haka ba. Ni ban yi guɗa ba. Na durƙusa na yi wa sarkin kasuwa godiya, na yi wa Alhaji, don bai kamata a ce ya yi abin kirki ba a faɗa ba. Wani mai yankan gilashi ya auna fuskokin ya yanka mini sababbi, ya naɗe su a kwali. Aka ɗora fitila a bayan a-kori-kura mai zuwa Roni, na ƙi shiga gaba, na zauna kusa da ita na riƙe hularta har muka isa. Daga Roni amalanken shanu ya ƙarasa da mu.

Labari ya riga ni zuwa. Muna shiga gari mata suka fito ƙofar gida, aka raka amalanke har ƙofar mai gari. Yaya na cikin dattawan da ke zaune a wurin. Ya dubi fitilar, ya dube ni.

Ya ce, "An ce kin kira sunana a kasuwar Kazaure."

"Ban kira sunanka ba. Na ce yayana. Laifina ne da ba ni da wani?"

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. "To ki sani, ni da turken nan har abada. Ƙafata ba za ta sake taka shi ba."

"Dama ba ta so."

Ya tafi. Na ji abin a raina, don tare muka tashi, shi ya koya mini tafiya. Amma ban kira shi ba.

Mai gari ya sa mini albarka, ya ce na fitar da gari kunya. Ya ce maƙerin Roni zai iya ƙera tanki na kwano, ba zai kai na da ba amma zai riƙe mai. Sannan ya shafa gemu ya ce, "Saura a zauna a nemi namijin da zai riƙa hawa yana kunnawa. Bari a gama shuka sai a duba." Dattawa suka ce haka ne, haka ne. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Can gabas kuwa walƙiya ta fara. Na san zaman nan da za a yi bayan shuka, na san irinsa. Na yi musu sai da safe, na sa aka kai mini fitila tsakar gidana.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe akwatina, na tono wandon marigayi maigidana daga can ƙasa, na saka shi a ƙarƙashin zani na ɗaure tam. Na kwance igiyar gugan rijiya na rataya a kafaɗa, na bi gidajen matan ajinmu ina ƙwanƙwasawa, na ce duk mai ƙarfin jan guga ta same ni a mashigi. Sannan na wuce gaba, na tuɓe takalmana a gindin turken, na yi bisimilla, na ɗora ƙafa a kan ƙarfen farko.